Chrome, Firefox ko Opera Mini: wace burauza za ka riƙe, kuma yaushe za ka sabunta ta?

Wata ranar Asabar Baffana ya aiko yaro ya kira ni, wai laftof ɗinsa ta ƙi intanet. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, laftof ɗin kuma ta gwanjo ce da ɗansa ya saya masa tun da daɗewa, da ita yake karanta jaridu yana bibiyar maganar fansho. Na tarar da shi a zaure, tabarau a karan hanci, ya ɗora ta kan ɗan teburin shayi. Kowane shafi ya buɗe sai jan gargaɗi ya tare shi, wai haɗin ba shi da tsaro.

"Wani yaro ya ce min burauzar ce ta lalace, in canza wata," in ji shi. "To ni ban ma san ana canza ta ba."

Na leƙa ƙasan allon ta hannun dama, sai ga kwanan wata ya koma Janairun wata shekara da aka manta da ita. Na ce, "Baffa, agogonku ne ya koma baya." A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. In ya mutu, agogo ya rikice. Shafukan intanet kuwa kowanne na ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan da ita, na gwada ta da agogon kwamfutarka, in ba su dace ba ta ƙi buɗe ƙofa. Muka gyara agogo, jaridu suka dawo, Baffa ya sa min albarka.

Sai dai kafin in tashi na duba wani abu. Windows 7 ce a kan laftof ɗin, Chrome ɗin kuma lamba 109, wadda ta fito a Janairun 2023. Daga ita kamfanin Google bai sake aiko wa Windows 7 wata sabuwa ba. Ciwon da aka kira ni dominsa ƙarami ne, babban yana kwance ba wanda ya san da shi.

Mutane na tambayar wace burauza ta fi kyau, kuma suna tambayar ko dole ne a riƙa sabuntawa, kamar maganganu biyu ne daban. A ganina igiya ɗaya ta ɗaure su. Ba za ka iya amsa ta farko ba sai ka san wace irin waya ko kwamfuta ke hannunka, da kuma wace burauza ce har yanzu masu ita ke kula da ita a kan wannan na'urar.

Sunaye barkatai, injuna uku

In ka nemi burauza a Play Store za su yi ta fitowa har yatsanka ya gaji da ja. Amma lamarin kamar na baburan da ke yawo a titunanmu ne: fenti daban, suna daban a jikin tanki, bakanike na kwancewa ka tarar da inji iri ɗaya. Injin burauza shi ne ke karɓar rubutun da aka gina shafi da shi ya mayar da shi hotuna da kalmomi da maɓallan da kake dannawa, kuma manya guda uku ne kawai suka rage. Akwai Blink, na aikin Chromium da Google ke jagoranta. A kansa Chrome take, haka Edge da Opera da Brave da Samsung Internet. Opera ta ajiye nata injin a 2013 ta koma kansa, Microsoft ya bi sahu a Janairun 2020. Akwai Gecko, na Firefox. Sai WebKit na Apple, wanda Safari ke kai. A kan iPhone kuwa, in ban da sassaucin da doka ta tilasta a wasu wurare, kamar Tarayyar Turai a 2024, kowace burauza ka sauke WebKit ne a cikinta, ko da Chrome aka rubuta a goshinta.

Amfanin sanin wannan a aikace yake. Idan shafi ya ƙi aiki a Chrome, komawa Edge ko Brave da wuya ya canza wani abu, don ɗan gida ɗaya ka sake kira. Firefox za ka gwada. Kuma musun da samari ke yi a majalisa kan wacce ta fi gudu yawanci ɓata yawun baki ne, domin abin da ke jan ƙafar shafi a nan shi ne sabis da ƙarfin wayar da tarin tallan da aka lafta wa shafin. Ainihin bambancin yana wajen abin da kowane kamfani ya ɗora a kan injin, da abin da yake kwasa daga gare ka, da saurin da yake kawo gyara in an gano ɓaraka.

Chrome ta fito a 2008, yanzu kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya ita suke amfani da ita. Wannan yawan shi ne babban ƙarfinta. Duk mai gina shafi da ita yake fara gwaji, wani ma a nan yake tsayawa. Shafin rajistar jarrabawa, na bautar ƙasa, na biyan kuɗin makaranta, na neman aiki, in akwai burauzar da aka tabbatar yana aiki a kanta, to Chrome ce. Tana haɗe da asusunka na Google, saboda haka in waya ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta, kalmomin sirrinka da shafukan da ka adana za su dawo a sabuwar. Ga mai karatun Hausa akwai ƙarin riba: tun 2013 Google ya saka Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma Chrome na iya juya maka shafi sukutum. Fassarar na ɗingishi, wani lokaci har ta ba ka dariya, amma za ka gane inda labari ya dosa.

Laifinta ci. Tana son RAM, wato wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, kamar yadda tsohuwar mota ke son mai. Mai waya mai RAM giga 2 ya san wannan baƙin cikin: ka cike fom tun daga sama har ƙasa, an turo maka lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ka fita ka kwafo ta, kana dawowa ka ga shafin ya fara lodi daga farko, duk abin da ka rubuta ya tafi. Wayar ce ta rasa wurin numfashi ta kashe burauzar a bayan fage. Kowace babbar burauza na iya yin haka, amma rufe shafuka talatin ɗin nan da ka bari a buɗe tun watan jiya zai rage abin sosai. A da Chrome na da tsarin rage cin data a Android, sai aka cire shi a 2022 lokacin da lamba 100 ta fito, da hujjar cewa data ta yi araha a ƙasashe da dama. Mu dai a nan, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Kada kuma a manta Google da talla yake ci, sanin abin da kake nema shi ne hajarsa. Yanayin Incognito da wasu ke ɗauka layar zana ce, abin da yake yi kawai shi ne hana tarihin bincikenka zama a cikin wayar. Kamfanin layinka da mai Wi-Fi ɗin da ka hau suna iya sanin gidajen da ka leƙa, shafin da ka shiga ma ya san ka zo. Har ƙara aka kai Google a Amurka kan wannan, a 2024 ya amince zai goge ɗimbin bayanan da ya tara.

Opera Mini, tsohuwar ƙawa

Duk wanda ya fara shiga intanet da ƙaramar Nokia, zamanin 2go, yana da wata ƙauna ta daban ga Opera Mini, ni ma ina ciki. Kamfanin asalinsa na ƙasar Norway ne, a 2016 wasu masu zuba jari daga China suka sayi sashen burauzar, kuma daga gidan ne OPay ta tsiro. Dabarar Opera Mini ta bambanta da ta sauran, ya kamata a fahimce ta da kyau kafin a yanke mata hukunci.

Idan ka kai tsarin rage data ƙarshensa, wayarka ba ita ke zuwa ta ɗauko shafin ba. Manyan kwamfutocin kamfanin Opera ne ke zuwa a madadinka, su buɗe shafin a can, su matse hotuna, su zubar da tarkace, su aiko maka da ɗan abin da ya rage. Kamfanin na cewa ragin kan kai kashi 90 cikin ɗari. Ko bai kai haka a kowane shafi ba, wanda ya taɓa zama a ƙauyen da sabis ke tsayawa a harafin E ya san bambancin: inda Chrome za ta yi ta juya da'ira, Opera Mini ta kawo maka labarin ka karanta har ka fara wani. Ga karanta labarai, duba sakamakon ƙwallo, neman ma'anar kalma ko farashin kaya, har yau ban ga kamarta ba a kan ƙaramar waya.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Na farko, shafukan yanzu ba takarda ba ce da za a ɗauki hotonta a miƙo maka, ƙananan manhajoji ne da ke aiki a cikin wayarka yayin da kake dannawa. In an matse su a can nesa, wasu gaɓoɓin sun mutu ke nan. Shi ya sa za ka danna maɓallin tura fom ya yi maka shiru, ko jerin jihohi ya ƙi saukowa, ko wurin ɗora hoton fasfo ya ɓace. Na biyu ya fi nauyi. Kullen da wasu burauzoji ke nunawa kusa da adireshin shafi ma'anarsa saƙonka a rufe yake tsakaninka da mai shafin. Amma ɗan aiken da zai taƙaita maka wasiƙa dole ya buɗe ta ya karanta. A wannan yanayin kwamfutocin kamfanin suna tsakiya, abin da ka rubuta ta hannunsu yake bi. Ba ina cewa suna satar komai ba ne. Ina cewa lambar katin ATM da kalmar sirrin banki ba kayan da ake ba ɗan aike ba ne, kome amanarsa. In za ka yi harkar kuɗi, ka kashe rage datar ko ka koma wata burauza. Na uku kuma fuskarta ta farko cike take da labaran jan hankali da talla da sanarwar da ke faɗowa ba sallama. Ana iya kashe yawancinsu a wurin saiti, minti biyar ya isa.

Wata magana a gefe: mafi yawan datar da ke ƙarewa mutane ba ta burauza take bi ba. Bidiyon TikTok da Facebook da YouTube ne ke shanye ta, kowanne a cikin tasa manhajar. Mai kwana yana jan bidiyo sama ba Opera Mini ce za ta cece shi ba.

Firefox ita ce 'yar gidan da ta ƙi bin ayari. Ta fito a 2004, gidauniyar Mozilla ce uwarta, kuma tun 2019 take tare masu bibiyar sawu daga shafi zuwa shafi ba sai ka ce mata ta yi ba. Babban abin da ya sa nake ajiye ta a waya shi ne tana karɓar 'yan ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, abin da Chrome ta Android ba ta yi. Cikinsu akwai uBlock Origin, mai toshe talla. Talla data take ci, batir take ci, kuma ta cikinta ake cusa maɓallan ƙarya na "sauke nan" da ke kai mutum ga masifa. A kwamfuta ma, daga 2024 zuwa 2025 Google ya sauya ƙa'idar waɗannan manhajoji, cikakkiyar uBlock Origin ta daina aiki a Chrome, sai wata mai rangwamen ƙarfi. A Firefox tana nan daram. Roƙo ɗaya zan yi: jaridun Hausa da ke intanet da kuɗin tallan nan suke biyan ma'aikata, wanda kake karantawa kullum ka ɗage masa shingen.

Firefox ma tana da nata laifin. Masu amfani da ita kaɗan ne, don haka jefi-jefi za ka ci karo da shafin da ba a gwada a kanta ba. Fassarar da ke cikinta harsunanta ba su kai na Google yawa ba, mai neman a juya masa shafi zuwa Hausa Chrome ce tasa. Abin dariyar kuma, mafi yawan kuɗin da Mozilla ke samu Google ne ke biya, don a bar injin bincikensa a matsayin na farko.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Edge tana zuwa da Windows, tana kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka taɓa ba don ta rage cin RAM, kuma tana buɗe takardun PDF har ka yi rubutu a kansu, abin da ɗalibai za su ji daɗinsa. Ɗabi'arta ce dai ta naci, kullum tana tallata maka Bing, injin binciken Microsoft, da sauran kayan gidansu. In Windows 10 ko 11 gare ka, ba dole ba ne ka ƙona data wajen sauke Chrome. Brave, wadda Brendan Eich, mai ƙirƙiro JavaScript da ake gina shafukan intanet da shi, ya kafa, tana toshe talla tun daga kwali, injinta kuma irin na Chrome ne, don haka shafuka ba sa yi mata gardama sosai. Sai dai an cika ta da harkar kirifto, wanda ba ruwansa sai ya bi ya kashe. Mai wayar Samsung kuwa ta gidan ta wadatar.

Inda nake ɗaga gira shi ne burauzar da ke zuwa a cikin wayoyi masu araha, da waɗanda ake saukewa don kawai suna iya cafko bidiyo. Yawancinsu Chromium ne aka yi wa kwalliya, kuma ba ka da tabbacin sau nawa suke ɗauko gyare-gyaren tsaro daga tushe. UC Browser ta kamfanin Alibaba ta yi tashe a nan saboda saurin sauke kaya, amma a 2015 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kyakkyawan kulle ba, a 2020 kuma Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajojin China. In ka ga dama ka sauke bidiyonka da irinsu. Kada dai ka shiga imel ko banki.

Maganar sabuntawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A harkar burauza karin maganar da ta dace ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Chrome da Firefox kowacce na fitar da sabuwar lamba a kai a kai, a 2025 kusan duk mako huɗu, a ƙarshen shekarar dukansu sun haura 140, a tsakani kuma akwai ƙananan gyare-gyare. Mutum zai sabunta ya duba ya ga ba abin da ya canza, ya ce an ci masa data a banza. Abin da bai gani ba shi ne facin da aka yi wa bangon.

Ga misali na kusa. A Satumban 2023 aka gano ɓaraka a wajen da burauza ke buɗe hotuna nau'in WebP, irin hotunan da suka cika intanet. Hoton da aka shirya da mugunta ya isa a kutsa cikin na'ura, ba sai ka sauke komai ba, ba sai ka rubuta kalmar sirri ba. Google ya tabbatar an riga an fara amfani da ita a kan mutane. Cikin 'yan kwanaki Chrome da Firefox da Edge da Brave duk suka fitar da gyara. Wanda ya sabunta ya tsira, wanda bai yi ba har yau ƙofar a buɗe take. Kuma akwai wani abin da mutane ba sa lura da shi: ranar da aka fitar da faci, ranar aka nuna wa duniya inda ramin yake. Masu kutse na nazarin gyaran su gano raunin, sai su juya kan waɗanda ba su sabunta ba. Tsohuwar burauza kullum ƙara haɗari take yi ko da ba ka taɓa ta ba.

Masu ƙin sabuntawa ba mahaukata ba ne, suna da hujja. Sabon zubi yakan fi tsoho nauyi, wayar da ma'ajiyarta ta cika sai ka goge hotunan biki kafin ya shiga. Wani lokaci a sauya wa maɓalli wuri, dattijon da ya haddace hanya ya ɓata. Wani lokaci kuma gyaran kansa ke zuwa da cuta. A Maris 2021 wata sabuntawa ta Android System WebView, wato ɓangaren da sauran manhajoji ke ara don nuna shafukan intanet, ta sa Gmail da manhajoji da dama suka riƙa rufe kansu a wayoyin jama'a. Sai dai maganin da ya warkar da abin wata sabuntawar ce da ta biyo baya ba da jimawa ba. In na ɗora su a sikeli, ɓacin ran yini guda bai kai a kwashe maka asusu ba.

Akwai dai hikima a lokacin yi. Mai shagon kafe ko cibiyar rajista kada ya sabunta kwamfutocinsa da safiyar ranar da za a rufe fom, layi har waje. Ya yi da daddare, ya gwada a guda ɗaya tukuna. Irin waɗannan wurare nau'in Firefox da ake kira ESR ya fi dacewa da su: fuskarta na ɗaukar kusan shekara ba ta canza ba, amma facin tsaro na shigowa a kan kari. Duk wadda ka ga an liƙa wa Beta ko Dev ko Canary ko Nightly kuwa ta masu gwaji ce, ka bar musu kayansu.

Abin da na fi gani a wayoyin mutanenmu ba ƙin sabuntawa ba ne, rashin sani ne. Play Store na zuwa a saite kan cewa sai an hau Wi-Fi zai sabunta manhajoji da kansa. Wanda ya tsara haka yana zaune ne inda kowane gida ke da Wi-Fi. A nan akwai wayar da tun da aka fitar da ita daga kwali ba ta taɓa hawa ba, sai ka tarar burauzarta ta shekara biyu a wuri ɗaya. Wasu masu gyaran waya ma da kansu suke kashe sabuntawar, da kyakkyawar niyya, don kada kwastoma ya dawo yana ƙorafin data. Mafita mai sauƙi ce: sau ɗaya ko biyu a wata ka sayi datar dare mai araha, ka shiga Play Store ka sabunta abu biyu ko da ka bar sauran, burauzarka da Android System WebView. Kuma ka ɗauko daga can, ba ta Xender daga wayar aboki ba, balle daga wani shafin da ba ka san mai shi ba. A kwamfuta kuma burauza na sauke gyaran da kanta, amma ba ya kama aiki sai an rufe ta an sake buɗewa. Mai rufe murfin laftof kawai ya tashi, wata da watanni, gyaransa na nan a ƙofa yana jira.

Idan na'urar ce aka bari a baya

Nan ne zaɓin burauza ke da nauyi na gaske. Chrome ba ta yi maka sallama in za ta daina kula da wayarka. Za ta ci gaba da buɗewa kamar kullum, gyara ne kawai ba zai ƙara zuwa ba. Wayoyi masu Android 7 sun tsaya a lamba 119 tun ƙarshen 2023. Daga Agustan 2025, da fitowar lamba 139, sai mai Android 10 zuwa sama. Firefox ta fi haƙuri: ta riƙe masu Android 5 har cikin 2025, yanzu tana farawa daga Android 8. Ke nan mai waya mai Android 8 ko 9, kuma suna da yawa a hannun iyayenmu da ƙannenmu, Firefox ce ke samun faci a wayarsa, Chrome ta tsaya. Ka duba lambar Android ɗinka a wurin bayanin waya cikin saiti, ita za ta yanke maka hukunci. Wanda ke ƙasa da 8, wayar ta yi kira da WhatsApp in tana iyawa, amma harkar kuɗi ta koma wata.

Masu iPhone na hannu, irin waɗanda ake kira London used, lissafinsu daban ne. Tunda injin na Apple ne, sabunta iOS, babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, shi ne sabunta burauza. iPhone 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, 8 da X a iOS 16. Apple kan aiko musu da facin tsaro lokaci-lokaci, in ya zo a karɓa, amma sauke Chrome a kansu ba zai sabunta injin ba.

A kwamfuta, Microsoft ya saki Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome da Edge suka tsaya mata a 109. Firefox 115 ESR ce ta ci gaba da kula da ita, Mozilla ta yi ta ƙara wa'adi bayan wa'adi, amma kwanan aro ne. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoba 2025, sai dai burauzoji ba su gudu daga kanta ba tukuna, Microsoft ya ce zai riƙa sabunta Edge a kanta har zuwa aƙalla Oktoban 2028. Laftof ɗin gwanjo da yawa ba za su hau Windows 11 ta hanyar da aka amince ba, saboda sharuɗɗan da aka gindaya. Kafin ka jefar da irinsu, ka sa a ƙara RAM a saka SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ko a ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce kuma sabuwar Firefox na zuwa a cikinta.

Ni a wayata biyu na ajiye. Chrome ta fom da banki da fassara, ba na yawon banza da ita. Firefox da mai toshe talla ta karatu da bincike. Da wayata ƙarama ce ko ina zaune inda sabis ke wahala, Opera Mini za ta maye gurbin ta biyun, ta farkon dai tana nan. A kwamfutar kafe kuwa ko wacce na samu, in ta tambaye ni ko ta adana kalmar sirri sai in ce a'a, in fita daga asusuna kafin in tashi daga kujerar. Shafin da ya nemi izinin turo min sanarwa ma a'a ce amsarsa, don ta nan ake turo saƙonnin ƙarya na "wayarka ta kamu da cuta".

Baffa na saka masa Firefox 115 ESR, na kwaso masa jerin jaridunsa daga tsohuwar, na roƙe shi ya bar duba fansho da banki a laftof ɗin har a canza mata Windows, ya riƙa yi a wayarsa tunda ita sabuwa ce. Washegari na biya kasuwar waya na sayo ɗan batirin agogon. Da na koma ɗaurawa na tarar ya matsar da tabarau yana ƙare wa sabuwar alamar kallo.

"Wannan mai kama da dilan ita zan riƙa dannawa ke nan?"

"Ita ce, Baffa."

"To matsar min da ita inda waccan take, hannuna ya saba da wurin."